Tambaya da Amsa: Yaushe Mutum Yake Isa Shiga Ayarin Mahaya Keke?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Shekarata 36, kuma wata huɗu ke nan da na koma hawan keke domin motsa jiki, bayan na yi fiye da shekara goma sha biyar rabona da shi. Ina fita sau uku a mako ni kaɗai, nakan yi kilomita 20 cikin kimanin awa guda, kuma tafiya mafi nisa da na taɓa yi ita ce kilomita 35. Akwai wata ƙungiyar mahaya keke da ke fita kowace safiyar Asabar, sun sanar cewa suna yin kilomita 50 a matsakaicin gudun kilomita 23 a awa. Sau biyu ina haɗa kayana da dare, gari na wayewa sai in fasa, domin ina tsoron su bar ni a baya, ko kuma in zame musu kaya su yi ta jirana. Ta yaya mutum yake gane cewa ya isa shiga irin wannan tafiya?

*Daga wani mai karatu*

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tun da ka kawo tambayarka da alƙaluma, bari mu fara da su, ko da yake zan gaya maka tun yanzu cewa ba su ne suka fi damuna a sha'aninka ba.

Game da nisa, ma'aunin da nake amfani da shi mai sauƙi ne: wanda yake iya yin kashi biyu cikin uku zuwa kashi uku cikin huɗu na tafiyar shi kaɗai, ya kuma sauka daga keke da sauran ƙarfinsa, ragowar ba za ta gagare shi a cikin jama'a ba. Kilomita 35 ɗinka kashi 70 cikin 100 ne na kilomita 50, saboda haka a takarda ka cika sharaɗi. Abin da ba ka faɗa mini ba shi ne halin da ka sauka a ranar. Idan ka dawo ka watsa ruwa ka ci gaba da harkokinka, to magana ta ƙare. Idan kuwa wuni ka yi a kwance cinyoyi suna zogi, ka maimaita wannan nisan sau biyu ko uku tukuna. Ka kuma lura cewa kilomita 50 a gudun da suka ambata zai ɗauki kimanin awa biyu da minti goma a kan sirdi, ban da tsaye-tsaye, alhali tafiyarka mafi tsawo, in a gudun da ka saba ka yi ta, awa ɗaya ce da minti arba'in da biyar. Sau da yawa mazaunai da wuya da tafin hannu ne ke fara kuka tun ƙafafu ba su gaji ba, kuma ba abin da ke horar da su illa daɗewa a kan keken.

Maganar gudu ta fi wannan sarƙaƙiya. Tsakanin 20 ɗinka da 23 ɗinsu kilomita uku ne kacal, amma kada ƙanƙantar lambar ta ruɗe ka. Ana samun matsakaicin gudu ne bayan an haɗa hawan tudu da kwanoni da sassautawa a mahaɗar hanya, don haka ayarin da ya ƙare tafiya da matsakaicin 23 yakan riƙa tafiya ne a kan 26 zuwa 28 a shimfiɗaɗɗiyar hanya. Sannan ita iska ba ta yi wa mai keke ragi: idan gudu ya ninka biyu turjiyarta tana ninkuwa huɗu, ƙarfin da ake bukata don keta ta kuwa yana ninkuwa takwas. Shi ya sa tashi daga kilomita 20 zuwa 25 a awa yake neman kusan ninki biyu na ƙarfin da ke tafiya wajen faɗa da iska.

Abin da ke ceton sabon shiga shi ne wanda ke gabansa yana yanka masa iskar. Mai bin bayan wani kurkusa, a gudun 'yan tsere, yana samun rangwamen kimanin kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na wahalar da zai sha shi kaɗai. A cikin babban ayari abin ya ma wuce haka: a 2018 masana ƙarƙashin jagorancin Farfesa Bert Blocken, wanda a lokacin yake jami'ar fasaha ta Eindhoven a ƙasar Holan, sun yi gwaji da samfurin ayarin mahaya 121, suka gano cewa waɗanda ke can ciki wajen baya ba sa fuskantar fiye da kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na turjiyar iskar da mai tafiya shi kaɗai ke fuskanta. Wannan cunkushen ayarin tsere ne, kai ba za ka samu ko kusa da hakan ba a cikin mutum goma sha biyu masu tafiyar nishaɗi, amma za ka ji sauƙin a ƙafafunka, kuma shi ne yakan cike giɓin kilomita biyu ko uku irin wanda ke tsakaninka da su.

To a nan ne gizo ke saƙar. Rangwamen iska ba ya samuwa sai ka matso kusa da tayar wani, wani kuma ya matso kusa da taka, kuma daga wannan lokacin lafiyar mutane da dama ta rataya a kan yadda kake riƙe keke. Mai tafiya shi kaɗai yana iya yin tangal-tangal yayin da yake shan ruwa, ko ya danna birki ba zato saboda ya tuna wani abu, ba wanda zai ji ciwo. A cikin ayari kuwa waɗannan ƙananan halaye ne ke zubar da mutane a kwalta. Tsofaffin mahaya ba su cika jin haushin mai jinkiri ba, domin jiransa minti biyu ne a saman tudu. Wanda suke shakka shi ne mai ƙarfin da ba a san abin da zai yi a daƙiƙa ta gaba ba. Saboda haka tambayar da nake so ka yi wa kanka ita ce: wanda ke bayana zai iya sakin jiki da ni?

Ni kaina da jikina na koyi wannan. A fitata ta biyu da wani ayari, muna kan miƙaƙƙiyar hanya, ina jin daɗin yadda keken ke tafiya kamar ana jansa da igiya, sai na bar tayata ta gaba ta shige gefen tayar bayan mutumin da ke gabana da tsawon taƙi guda. Ya hangi ɗan rami, ya kauce masa kamar yadda kowa zai yi, robar tayarsa ta gogi tawa da wani ɗan sauti kamar an ja takalmi a kan siminti, ban ankara ba sai ga ni a ƙasa, na ƙuje gwiwa da kafaɗa, gorar ruwana tana mirginawa a tsakiyar hanya. Wanda ke bayana ya faɗa cikin ciyawa don kada ya bi ta kaina. Shi kuwa wanda na goga sai da aka ƙwala masa kira sannan ya san an yi wani abu. Wani dattijo a cikin ayarin ya ɗaga kekena, ya matse tayar gaba tsakanin gwiwoyinsa, ya murɗa kan da ya karkace har ya daidaita, ya miƙo mini yana cewa, "Yaro, tayar gabanka kai ke da alhakinta, shi wancan ba shi da ido a ƙeya." Dalilin da ya sa na baya ne kullum yake faɗuwa shi ne, keke yana tsayuwa ne saboda mahayi yana karkatar da tayar gaba kaɗan-kaɗan zuwa ɓangaren da yake neman faɗawa, ba tare da ma ya sani ba, idan tayar wani ta tare wannan ɓangaren, ba sauran hanyar gyara.

Ga abin da za ka gwada kanka da shi, a fili ko a hanyar da ba motoci. Ka nemi miƙaƙƙen layi a ƙasa, ka bi shi mita ɗari ba tare da tayarka ta kauce masa da fiye da faɗin tafin hannu ba. Wannan ba zai ba ka wuya ba. Sai ka maimaita, amma a tsakiya ka waiwaya ta kafaɗa har ka iya ƙirga yatsun da wani ya ɗaga maka a baya, ka dawo da idonka ka ga ko kana kan layin. Yawancin mutane suna karkata zuwa ɓangaren da suka waiwaya, domin hannu yana bin kai. Maganinsa shi ne ka sassauta gwiwar hannu, ka sauke haɓa zuwa kafaɗa maimakon ka juya ƙirji gaba ɗaya. Bayan haka ka ciro gorar ruwa, ka sha, ka mayar da ita mazauninta ba tare da ka kalli ƙasa ba, ka yi da hannun dama ka yi da na hagu, domin alamun hannu duka biyun suke bukata. Kada ka raina wannan: a gudun kilomita 25 a awa keke yana cin kusan mita bakwai a kowace daƙiƙa, don haka daƙiƙa biyun da ka yi kana lalubar mazaunin gora da ido sun kai mita goma sha huɗu da ka yi a makance, ga mutum a gabanka.

Birki yana da darasi biyu. Na farko shi ne tsayawar gaggawa, wadda birkin gaba ke ɗaukar mafi yawan nauyinta, kuma dole ka koyi tura jikinka baya a kan sirdi yayin da kake matse shi, don kada ka tashi ta saman kan keke. Ka tabbatar ka san wane hannu ne ke riƙe da birkin gaba, musamman idan aron keke ka yi, domin a Birtaniya a hannun dama ake sa shi, a Amurka da Faransa kuwa a hagu. Darasi na biyu, wanda ya fi yawan amfani a ayari, shi ne rage gudu ba tare da ka firgita na bayanka ba: ka ɗan dakata da tuƙi, ko ka ɗaga ƙirji iska ta buge ka, ko ka shafi birkin da yatsa biyu kamar mai taɓa abu mai zafi. Ka san kuma cewa duk lokacin da ka miƙe tsaye a kan feda domin hawan tudu, keken yakan ɗan koma baya a ƙarƙashinka, har ya kai rabin taya, kuma wannan ya isa ya kayar da wanda ke manne da kai. Ka riƙa miƙewa ne a daidai lokacin da kake danna feda da ƙarfi.

Idan waɗannan sun zauna maka, ka nemi mutum ɗaya da ya saba, ku fita tare sau biyu ko uku. Ka bi bayansa da tazarar tsawon keke guda, ka riƙa ragewa yadda hankalinka ya kwanta, ba wanda ya ɗora maka dole ka kai taƙi biyu irin na 'yan tsere. Kada ka ƙura wa tayarsa ido. Ka kalli hanya ta gefen ƙugunsa ko ta saman kafaɗarsa, domin abin da zai sa shi taka birki a can gaba yake, kuma gara ku gan shi tare. Sannan ku yi musanya, shi ya bi ka, daga baya ka tambaye shi gaskiyar abin da ya gani. Hukuncinsa ya fi duk wata lamba da wayarka za ta nuna maka.

Sauran rabin shirin kuwa a bakin madugun tafiyar yake, kuma matambayi ba ya ɓata. Ka tuntuɓe shi kafin ranar, ka gaya masa alƙaluman da ka gaya mini ba ƙari ba ragi, ka ce ba ka taɓa tafiya a ayari ba. Ka tambaye shi ko 23 ɗin nan matsakaici ne ko kuwa gudun shimfiɗaɗɗiyar hanya ne, ka tambayi yawan tuddan da ke hanyar, domin kilomita 50 mai hawa da gangara wata tafiya ce daban. Tambaya mafi muhimmanci ita ce ko suna jiran wanda ya gaza. Ayari iri biyu ne: akwai waɗanda ƙa'idarsu ita ce ba a barin kowa, suna da mutum na musamman mai tsaron baya, suna taruwa a saman kowane tudu da kowace mahaɗa, akwai kuma waɗanda horon tsere suke yi, wanda ya sare sai dai ya nemi hanyar gida. Ba laifi ba ne ga na biyun, haka suka tsara abinsu, amma ba wurin fara koyo ba ne. Ƙungiyoyi da yawa suna da rukuni fiye da ɗaya, kuma shawarata kullum ita ce mutum ya fara da rukunin da yake ganin zai yi masa sauƙi, wato wanda gudunsa bai kai nasa ba, domin idan numfashi bai dame ka ba ne hankalinka zai samu sararin koyon tafiya cikin mutane.

A ranar, ka iso da wuri, ka nemi a nuna maka alamominsu, domin kowace ƙungiya da nata salon. Waɗanda aka fi sani su ne nuna rami da yatsa, ɗaga hannu sama ko buɗe tafi a baya domin tsayawa, kaɗa hannu a bayan ƙugu domin a kauce wa motar da ke ajiye a gefen hanya, da ɗan motsa gwiwar hannu da na gaba ke yi don ya ce wa mai bi masa ya karɓi jagoranci. Alama ba a kanka take ƙarewa ba, sai ka miƙa ta ga na bayanka, tunda kai ka tare masa gani. Ka zauna wajen baya kusa da mai tsaron baya, inda kuskurenka ba zai shafi mutane da yawa ba, amma ka san farashin wurin: ayari yana miƙewa yana tsukewa kamar roba, na gaba suna fita daga kwana suna ƙara gudu yayin da na baya ke kan taka birki, don haka a kowace kwana sai ka ɗan yi gudun cim musu. Ka rage giyar keke kafin ka shiga kwanar, abin zai zo maka da sauƙi. Idan juyi ya kawo ka gaba, ba dole ba ne ka ja ayari, kana iya cewa a wuce ka. Idan kuma ka ja, ka riƙe gudun da ka tarar, ka yi minti ɗaya ka ba da wuri. Kuskuren da sababbi suka fi yi shi ne su ƙara wuta da zarar sun ga fili a gabansu, su tsinka ayarin, su kuma ƙone kansu.

Dokar hanya ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Birtaniya, alal misali, gyaran da aka yi wa ƙa'idojin hanya a 2022 ya fayyace cewa mahaya keke suna iya jerawa biyu-biyu, alhali a wasu wuraren layi ɗaya ake bukata, saboda haka ka san ta inda kake. Abin da ba ya canzawa a ko'ina shi ne, a mahaɗar hanya kowa da idonsa zai duba. Danja tana iya canzawa bayan mutum shida sun wuce, kuma motar da ta ba na farko hanya ba lallai ta ga na goma ba. Ka tsaya, za su jira ka.

Kaya kuwa ba su da yawa. Ka duba birki da kaca da iskar taya tun daren, adadin iskar da ta dace yana rubuce a gefen tayar. Ka ɗauki tiyub na canji da liba ta ɓalle robar taya da ɗan famfo, kuma ka taɓa cire taya ka mayar a gida ko da sau ɗaya ne, domin 'yan ayari za su taya ka faci da farin ciki, amma ba sa son su tarar ba ka zo da komai ba. Hular kwano ba abin muhawara ba ce. Hukumar tseren keke ta duniya ma ta wajabta ta ga ƙwararru tun 2003, bayan mutuwar Andrei Kivilev a tseren Paris zuwa Nice. Abin sauraron kiɗa a kunne a bar shi a gida. Sai guzuri, wanda nake so ka ba shi muhimmanci, domin tafiyarka ta awa guda ba ta taɓa koya maka wannan ba: sukarin da jiki ke ajiyewa a tsoka da hanta yakan yi ƙasa bayan kimanin minti casa'in na aiki mai ƙarfi, kuma idan ya ƙare, ƙafafu sukan mutu farat ɗaya, kai ya yi nauyi, hankali ya rarrabu. Ka fara kai ɗan abu mai sitaci ko zaƙi baka tun a ƙarshen awar farko, ka riƙa kurɓar ruwa kafin ƙishi ya kama ka, kimanin rabin lita a awa, fiye da haka idan ana zafi.

Hukuncina a kanka shi ne, ƙarfinka ya kusa isa, gwanintarka ce ba mu sani ba tukuna. Idan ƙungiyar tana da rukunin da ke tafiya a kan 18 zuwa 20 kuma ba sa barin kowa, ka je wannan Asabar ɗin, ka daina kwance kaya da asuba. Idan rukunin 23 ne kaɗai, ka ba kanka mako uku: ka kai tafiyarka mai nisa kilomita 40 zuwa 45, ka yi gwaje-gwajen layi da birki a ƙarshen kowace fita, ka bi bayan aboki sau biyu, sannan ka kira madugu. Ka kuma san hanyar komawa gida da kanka, don ko da an rabu, abin da zai same ka bai wuce tafiyar kaɗaici irin wadda ka riga ka saba da ita ba.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Kekena irin na zirga-zirga ne, mai miƙaƙƙen kai da tayoyi masu kauri da giya bakwai. Na ga 'yan ƙungiya da siraran kekuna masu lanƙwasasshen kai, da takalman da ke maƙalewa a feda. Sai na sayi irin nasu kafin in shiga?

*Daga wata mai karatu*

Amsa: Barka kadai, 'yar'uwa. Ba sai kin saya ba, muddin rukunin da za ki shiga mai tafiyar sannu ne. A gudun kilomita 16 zuwa 20 a awa kekenki zai yi aikinsa, in dai birkinsa yana kamawa, giyarsa tana shiga, tayoyinsa suna da isasshiyar iska. Daga 25 zuwa sama ne zaman miƙe da kaurin taya za su fara cin ƙarfinki sosai, kuma kafin ki kai nan za ki san da kanki irin keken da kike so. Abin da zai fi amfanar ki yanzu, ba tare da kin kashe ko sisi ba, shi ne daidaita tsayin sirdi: ki zauna, ki ɗora diddige a kan feda tana can ƙasa, ƙafarki ta miƙe sosai ba tare da ƙugu ya karkata ba. Ki kuma kula da duk wani yadi mai saukowa ko igiyar takalmi da ka iya shiga kaca ko taya, ki ɗaure shi tun kafin a tashi.

Takalman da kika gani kamfanin Look na Faransa ne ya yaɗa irin fedarsu a 1984, Bernard Hinault ya ci gasar Tour de France da ita a 1985, daga nan ta bazu. Tana da amfani, amma sai an murɗa diddige waje kafin ƙafa ta fita, kuma kusan duk wanda ya fara amfani da ita sai ya taɓa faɗuwa a tsaye cak saboda ya manta. Irin wannan faɗuwa abin dariya ce idan mutum shi kaɗai ne, a tsakiyar mutum goma a bakin danja kuwa takan tafi da na kusa. Ƙa'idata ita ce kada a zo wa ayari da wani abu sabo fil, ko feda ko sirdi ko keken kansa, sai an yi mako biyu ana gwada shi. Abu ɗaya da za a iya mayar da mutum gida saboda shi shi ne sandunan nan biyu da ake ɗaurawa a kan keke a kwantar da hannu a kansu, irin waɗanda Greg LeMond ya yi amfani da su ya doke Laurent Fignon da daƙiƙa 8 a gasar Tour de France ta 1989. Na tseren mutum shi kaɗai ne, suna nesanta hannu daga birki, shi ya sa aka hana su a tseren da ake tashi tare, ƙungiyoyi da yawa ma ba sa yarda da su.

Tambaya: Malam, shekarata 61, ina shan maganin hawan jini, kuma shekara guda ke nan ina hawan keke minti arba'in kusan kullum. 'Ya'yana suna ganin shiga ayari ganganci ne a shekaruna. Me ka gani?

*Daga wani dattijo mai karatu*

Amsa: Baba, Allah ya ƙara lafiya. Shekaru kaɗai ba sa hana wannan, kuma abin da kake yi ya riga ya wuce minti 150 a mako da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a matsayin mafi ƙarancin motsa jiki ga manya. Sai dai damuwar 'ya'yanka tana da tushe ta fuska ɗaya: mai tafiya shi kaɗai yana sassautawa idan jiki ya nema, a cikin ayari kuwa kunya takan sa mutum ya cije ya wuce iyakarsa. Saboda haka ka fara ganin likitanka, ka gaya masa nisa da tsawon lokacin da kake nufi, ka kuma tambaye shi game da maganin da kake sha, domin wasu magungunan hawan jini suna rage bugun zuciya har agogon auna bugu ya riƙa ba da lambar da ba ta nuna ainihin wahalar da ake sha, wasu kuma suna sa yawan fitsari, abin da ke gaggauta bushewar jiki a doguwar tafiya.

Idan ya amince, ka zaɓi rukunin da za ka iya yin hira da na kusa da kai cikin cikakkun jimloli; da zarar magana ta koma kalma ɗaya-ɗaya saboda haki, ka sanar da mai tsaron baya ka sassauta. Ka gaya wa madugu halin da kake ciki kafin a tashi, ka sa takarda a aljihu mai ɗauke da sunan magungunanka da lambar wanda za a kira. Idan ka ji nauyi ko ciwo a ƙirji, ko jiri, ko numfashi ya ɗauke fiye da yadda ka saba, ka ba da alamar tsayawa, ka sauka daga keken, a nemo taimakon likita nan take, kuma kada ka yarda ka tuƙa zuwa gida ko da abin ya lafa.